Ƙa'ida da doka ba abu ɗaya ba ne

Wata malamar makaranta daga Kumo ta aiko tana tambaya: mece ce ƙa'ida, kuma me ya raba ta da doka? Ta ce ɗalibanta suna musanya su yadda suka ga dama.

Malama, ba ɗalibanki kaɗai ba, har a rediyo ina jin haka. Ƙa'ida aro ce daga Larabci, tushenta kalmar zama. Ƙa'ida ita ce abin da gini yake zaune a kansa, wato harsashi. A Suratul Baƙara, aya ta 127, jam'inta, ƙawa'id, aka yi amfani da shi ga harsashin Ka'aba da Annabi Ibrahim da Annabi Isma'il suka ɗaga. Doka kuwa tana da mai kafa ta, tana da horo ga wanda ya karya ta. Shi ya sa a da 'yan sandan En'e, wato hukumar gargajiya, ake ce musu 'yan doka.

Malaman fiƙihu sun tattara manyan ƙa'idoji biyar, kamar yadda Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya jero su: ayyuka da niyya suke, shakka ba ta kawar da yaƙini, wahala tana jawo sauƙi, cuta ana kawar da ita, al'ada ana hukunci da ita.

Ta biyun ce na fi so. Mutum ya yi alwala, sai ya shiga kokwanto ko ta karye. Shafi'iyya suka ce alwalarsa tana nan, domin ita ce yaƙini. Mu Malikiyya muka ce ya sake, sai dai in mai yawan waswasi ne, domin yaƙinin da muke kallo shi ne sallar da ke wuyansa. Harsashi ɗaya, ɗakuna biyu. Da doka ce, da ɗaya ya zama mai laifi.

Masu falsafa ma haka suke. Kant, Bajamushe, a 1785 ya ce kada ka bi wata ƙa'ida sai wadda za ka yarda kowa ya bi. Maƙwabtanmu Kiristoci na Kaltungo da Billiri sun san makamanciyarta a Linjilar Matiyu 7:12.

Don haka ki gaya wa yaran: hana shiga aji bayan ƙararrawa doka ce. Kada a cuci ɗalibin da ya zo da wuri, wannan ita ce ƙa'idar da ta haife ta.