Tambaya da Amsa: In fara shiga soja kafin in nemi aikin kwana-kwana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Saje. Shekarata 19, bana na gama sakandare. Tun ina yaro ba ni da buri irin in zama ɗan kwana-kwana. Kawuna ya ce in fara shiga soja in yi 'yan shekaru, wai in na fito da takardar soja a hannu babu mai shan gabana ranar ɗaukar ma'aikatan kashe gobara. Mahaifiyata kuwa ko zancen ba ta son ji. Ni dai aikin soja bai taɓa kwanta min a rai ba, amma in ita ce hanyar zan daure. A taimaka min da shawara. Ɗanka, Kabiru.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana Kabiru, Allah ya yi maka albarka. Ka kawo tambayarka gidanta, domin hanyar da kawunka ke nuna maka ita na taka. Shekara 9 na yi a soja ina tuƙa babbar mota, sannan na yi 21 a kwana-kwana, shida na ƙarshe ina horar da kurata.

Kawunka bai yi ƙarya ba, gishiri dai ya ɗan yi yawa. Soja ya amfane ni, ba na musu. Daren farko a makarantar horon kwana-kwana aka buga ƙararrawa cikin duhu, yara suna ta lalube suna neman takalmi, ni kuwa tuni na tsaya a layi. Na san mota ana duba ta kullum kafin a karɓi aiki, mai da ruwa da taya da birki, ko da jiya kai ka duba ta. Na san in oga ya ce a janye, janyewa ake yi, gardama sai an koma bariki. Na kuma saba kwana ɗaki ɗaya da mutum goma, har da mai minshari da mai ɗaukar sabulun mutane. Kada ka raina wannan. Na ga ƙarfafan samari da suka ci kowace jarrabawa, zama da jama'a dare da rana ya kore su.

Ayyukan biyu sun daɗe da haɗa jini. A watan Yulin 1810 gobara ta tashi a wata liyafa a ofishin jakadancin Ostiriya da ke Paris, Napoleon, sarkin Faransa, da kansa yana wurin. Ganin yadda masu kashe wutar suka gaza, a 1811 ya kafa rundunar kwana-kwana ta soja, kuma har yau 'yan kwana-kwanan Paris sojojin ƙasa ne, sun haura 8,000. Na birnin Marseille, shi ma a Faransa, sojojin ruwa ne tun 1939. A Landan, Kyaftin Eyre Massey Shaw, wanda ya karɓi ragamar kwana-kwanan birnin a 1861, tsohon hafsan soja ne, kuma ma'aikatan jiragen ruwa ya fi son ɗauka, saboda sun iya igiya, ba sa tsoron hawa sama, sun saba aikin karɓa-karɓa. To ka ga inda fareti da muƙamai da "an gama, oga" suka samo asali a gidanmu.

Akwai kuma ƙasashen da doka ta ba tsohon soja fifiko a rubuce. A Amurka, a ayyukan gwamnatin tarayya ana ƙara wa tsohon sojan da ya cika sharaɗi maki 5 a kan abin da ya ci, wanda ya samu naƙasa a bakin aiki kuwa maki 10, kuma jihohi da birane da yawa suna da irin wannan tsari. Wasu ma sukan rage masa shekarun da ya yi a soja in an zo lissafin iyakar shekarun mai neman aiki. Inda dubbai ke neman gurbi ƙalilan, maki 5 ba abin wasa ba ne. Sai dai lura da kyau: sai ka ci jarrabawar tukuna ake ƙara maka. Wanda ya faɗi, takardar sallamarsa ba ta ɗaga shi. Kuma ba kowace hukuma ce ke da wannan doka ba, don haka kafin kawu ya ƙara magana, nemo sanarwar ɗaukar aiki ta hukumar da kake so, ku karanta tare.

Abin da mutane ba sa tambaya, alhali shi ne ƙashin bayan maganar: wane aiki mutum ya yi a sojan? Soja ba sana'a ɗaya ba ce. Wanda ya yi aikin kashe gobara a sansanin sojan sama, yana tsaye gefen titin jirgi da motar fesa kumfar kashe wuta, shi ya fito da sana'ar a hannu. Sojan da ke kula da waɗanda suka ji rauni shi ma ya fito da abin da ake nema ido rufe, domin a ƙasashe da dama ɗan kwana-kwana ya fi fita kan mara lafiya da haɗarin mota fiye da kan wuta. A Amurka kusan biyu bisa uku na kiran da ake musu na jinya ne, gobara ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Sojan ruwa kuwa ana koya masa faɗa da wuta ko mai dafa abinci ne, kuma da jini aka sayi darasin. A ranar 29 ga Yulin 1967 wuta ta tashi a jirgin yaƙin Amurka mai suna Forrestal a gaɓar Vietnam, bam ɗin farko da ya fashe ya hallaka akasarin ƙwararrun masu kashe wutar, waɗanda suka rage ba su da horo, har wasu suka riƙa wanke kumfar da aka feshe da ruwa. Mutum 134 suka mutu. Ni kuwa direba, abin da na tsira da shi lasisin babbar mota ne da sanin inji, kuma su suka sa daga baya aka damƙa min famfon mota. Abokina da ya yi shekarunsa da bindiga a kafaɗa ya zo da ƙarfi da biyayya, amma tiyo da tsani daga baƙi da wasali ya fara, kamar kowa. Ga kuma wani abu da kawunka bai faɗa maka ba: in ka sa hannu, inda runduna ke da buƙata nan za ta kai ka, ba lallai inda ka so ba.

Yanzu bari in faɗa maka abin da sai da na sauke daga kaina.

Wata na uku da fara aiki muka je gobarar wani gida da dare. Wata dattijuwa ta taso tana ihu za ta kutsa ciki. Jikina ya yi abin da ya saba a shingen bincike: na tare ta da hannu, na daka mata tsawa ta koma baya. Ogana, wanda na girme shi da shekara shida, ya ture ni gefe, ya riƙe hannuwanta biyu, ya sassauta murya ya ce, "Mama, mutum nawa ne a ciki? Wane ɗaki?" Ta ce jikanta ne, kuma in ya tsorata ƙarƙashin gado yake shiga a ɗakin baya. Can aka same shi, da rai. Da an bi tawa, da mun ɓata minti uku muna laluben ɗakunan gaba, kuma a cikin hayaƙi minti uku ya isa. A soja an koya min taron jama'a abin tsoro ne da ake nisantarwa. A wannan aiki su ne suka san inda tukunyar gas take da wanda bai fito ba. Na daɗe ina jin kunyar daren nan.

Na biyu a ɗakin hayaƙi na makaranta ya faru. Ana sa maka takunkumi da tukunyar iska a baya, ka shiga da rarrafe, hannunka ɗaya a bango, ba ka ganin ko yatsanka. Tukunyar da aka rubuta minti 30 a jikinta, in kana aiki tuƙuru da ƙyar ta kai 20. Usur ɗin gargaɗi ya fara kuka a bayana alamar iska ta yi ƙasa, ni kuwa na ce soja ba ya barin aiki rabi, na ci gaba da jan mutum-mutumin da aka ce in ceto. Na fito da shi ina jiran yabo, malamin ya kayar da ni. Ya ce da wutar gaske ce, da mutum biyu zai aika su ɗauko ni, wato na ƙara masa gawa uku a lissafi. Juriyar da ake sara wa a soja, a nan in ta hana ka cewa "ina cikin matsala" da wuri, abokin aikinka take kashewa.

Igiyoyina na saje kuwa a ƙofa na bar su. Na wanke tiyo, na share tasha, yaron da na girme shi yana duba min aiki. Wasu tsofaffin sojoji nan suke karyewa.

Akwai kuma kuɗin da jiki ke biya. Na fito soja da gwiwa ɗaya mai ƙara da kunnen hagu da ya rage ji, ga likitan kwana-kwana yana gwada ji da gani da huhu da zuciya. Gwajin ƙarfi ma ba ya duba tarihi. Wanda hukumomi da yawa ke amfani da shi a Amurka da Kanada matakai 8 ne a jere, cikin minti 10 da daƙiƙa 20, kana sanye da riga mai nauyin kusan kilo 23, kana hawa bene, kana jan tiyo, kana ɗaga tsani. Ɗan shekara 20 mai lafiyayyar gwiwa ya fi ɗan 30 mai lambar yabo sauƙin wuce shi. Waɗanda suka ga fagen daga kuwa, wasu da abin da ke hana su barci suke dawowa, su tarar da aikin da zai riƙa nuna musu irinsa.

Jimla ɗaya a wasiƙarka ita ta yanke min hukunci, ɗana: ka ce aikin soja bai taɓa kwanta maka a rai ba. Da ka ce kana son duka biyun, sai in ce bismillah, ka yi ƙoƙari ka faɗa ɓangaren kashe gobara ko jinya ko injiniya, ka kuma adana duk wata takardar horo da aka ba ka. Amma rantsuwar soja rantsuwa ce ta cewa za ka ɗauki makami, a tura ka inda aka ga dama, kuma ba a ajiye ta don an gaji. Ba a shigarta don neman maki 5.

Shekarun da za ka ba soja, ba wa aikin da kake so. Yi kwas ɗin taimakon gaggawa har ka iya farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Koyi iyo, koyi tuƙi, in shekarunka sun kai ka nemi lasisin babbar mota. Sana'ar hannu irin wayarin ko kanikanci ko gini tana da daraja a wurinmu, domin wanda ya san yadda aka ɗora rufi ya fi sanin lokacin da zai rufto. Riƙa hawa bene da jaka mai nauyi a baya sau uku a mako. In akwai tashar da ke karɓar 'yan sa-kai, je ka gabatar da kanka, ko wankin mota ne su ba ka. Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar aiki ka nema, in ba a dace ba ka sake. Ni kaina, da takardar sojan tawa, sai a karo na biyu aka ɗauke ni.

Ka gaishe min da kawunka, ka karanta masa wannan da ladabi. Mahaifiyarka kuma ka ce mata na goyi bayanta a kan soja, amma kada ka ɓoye mata cewa wanda ka zaɓa ma gidan da ke ci da wuta ake shiga. Ka rubuto min bayan ka yi wata ɗaya kana hawan benen.