Gyara ɗaya, kuɗi biyu: da me makanikai ke auna farashi?

Tambaya: Motata Corolla ta yi zafi a hanyar Funtuwa zuwa Gusau har ruwan lagireto ya tafasa. Makaniken farko ya ce gaskit ne ya ƙone, ya yanka mini kuɗi. Na biyu ya faɗi abin da bai kai rabin wancan ba. Da me suke auna kuɗin gyara, kuma wanne ne ke neman cutata? Daga mai karatu a Tudun Wada, Gusau.

Amsa: Malam, Allah ya tsare gaba. Mai yiwuwa ne babu wanda ke neman cutarka a cikinsu, aiki biyu daban suka yi wa kuɗi duk da sunan ɗaya ne.

Kan injin Corolla, wato ɓangaren saman injin da gaskit ke shimfiɗe a ƙarƙashinsa, na alminiyom ne, kuma zafi mai tsanani yana lanƙwasa shi, lanƙwasar da ido ba ya gani. Cikakken aiki shi ne a sauke kan, a kai shi wurin masu injin goga su auna su daidaita fuskarsa, a sa gaskit mai kyau, a ɗaure kusoshin bi da bi da sifana mai awo, a canza baƙin mai domin sau da yawa ruwa ya riga ya gauraya da shi, sannan a nemo abin da ya jawo zafin tun farko: fanka ce ta mutu, famfon ruwa ne, ko lagireto ne ya toshe da tsatsar ruwan rijiya. Mai araha yakan tsallake rabin wannan. Zai sa gaskit ɗin da ya samu, ya ɗaure da ƙarfin damtse, ya cire tamostat, wato abin da ke daidaita zagayen ruwa gwargwadon zafin inji, ya jefar wai don mota ta daina zafi. Za ta tashi lafiya lau a gareji, amma zafin watan Afrilu a hanyar Talata Mafara zai tona asirin aikin.

A manyan garejin dillalan motoci akwai littafin kamfani da ya ƙayyade awannin da kowane aiki ke ci, sai a ninka da kuɗin awa. Garejinmu na bakin titi ba su da wannan. Oga yana kintata wahalar aikin, da kwanakin da mota za ta tare masa fili, da abin da zai sallami yaransa, da kuɗin rewaya idan aikin ya taɓa wuta. Gaskiyar da ba a so a faɗa kuma, yana duba motar yana duba rigar mai ita. Wannan na ƙarshen ba na goyon bayansa, domin kusar injin Alhaji ba ta fi ta ɗan tasi tauri ba.

A ganina kuɗin hannu a ƙasar nan bai kai wahalarsa ba. Mutum zai yini a ƙarƙashin mota yana sauke giyabos don ya canza faifan kuloci, mai mota kuma ya ce ai ɗan ƙaramin abu ne aka canza. Da yake mun saba matse makanike a nan, shi kuma sai ya fanshe a wurin kaya, kuma can ne cutar take idan akwai ta. Yana iya karɓar la'ada a shagon da ya tura ka, ko ya ɗora nasa a kan farashi, ko ya karɓi kuɗin orijina ya sa na Beljiyam, ko ma ya wanke tsohon ya mayar. Kaya ɗaya yana iya zuwa kala uku ko huɗu a kwali mai kama da juna, kuma kaɗan ne cikin masu mota ke iya bambancewa.

Sai dai ba kowane tashin farashi ne laifinsa ba. Yawancin kayan daga waje ake shigo da su, su bi ta kasuwar Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano kafin su iso Gusau. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin Naira a watan Yuni, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin gwamnati zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024. Wanda ke auna gyaran yau da kuɗin da ya biya a 2022 zai ga kowa ɓarawo ne.

Ka koma wurin su biyun, kowanne ya rubuta maka kuɗin hannu daban, kuɗin kaya daban, da sunan kowane abu da irinsa. Ko a fiƙihu, sharaɗin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, shi ne a san aiki a san lada kafin a fara, don haka kada kunya ta sa ka yarda da "bari mu buɗe tukuna" ba tare da an yanke kuɗin buɗewar ba. Ka tambayi mai arahar ko gogar kan inji tana cikin lissafinsa, kuma me ya gano ya jawo zafin. Idan ya yi ta kame-kame, ka samu amsarka. Shi kuma mai tsadar, ka ɗauki takardarsa ka zaga shago biyu ko uku ka ji farashi da kunnenka. Idan za ka sayo kayan da kanka ka tafi da tsohon a hannu, amma ka sani in bai yi ba asarar taka ce, ba zai ɗauki alhakinsa ba. Duk abin da aka cire a ba ka shi a leda, kuma ku yi magana kan kwana nawa zai tsaya wa aikinsa idan zafin ya dawo.

In an kai ga saɓani, ƙungiyar makanikai ta NATA tana sasanta irin wannan tsakanin 'ya'yanta da masu mota, kuma ya fi sauƙi a fara da shugaban garejin kafin a kai ga 'yan sanda. Kafin nan dai kada ka sake tayar da motar, a ja ta zuwa gareji, domin kowace tayarwa da ƙonannen gaskit tana ƙara wa injin lahani.