Maigida ya ce in ba shi lambar MoMo ɗina, wai haka Afisawa ta ce

Tambaya: Baba Fasto sannu da aiki. Ni Kirista ce, muna zaune a Aboabo nan Kumasi, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Maigidana direban trotro ne, wato motar haya, motar ta lalace wata 4 kenan, ni ke biyan haya da kuɗin makarantar yara har da na wuta. Yanzu ya ce in ba shi lambar sirri ta MoMo ɗina, wato asusun kuɗina na waya, wai miji shi ne kan mace, ya buɗe min Afisawa 5:22 a Littafi Mai Tsarki. In na ƙi, na yi zunubi?

Amsa: Sannu 'yata, Allah ya sa wa kasuwa albarka. A gajarce dai ba ki yi zunubi ba, amma ki tsaya ki ji sauran.

Ayar nan da ya buɗe miki tana nan, ba wanda zai goge ta, Bulus ya ce mata su yi biyayya ga mazansu, aya ta 23 kuma ta ce miji shi ne shugaban mace. Matsalar mazanmu ita ce daga 22 suke fara karatu, a 24 su rufe littafin su sa a aljihu. Ki ce masa ya ɗan ja baya zuwa 21, can aka ce masu bi su yi wa juna biyayya saboda girman Almasihu. A wasu tsoffin rubuce-rubucen Helenanci ma kalmar biyayya ba ta cikin aya 22 sam, daga 21 ta aro ta, kenan numfashi ɗaya ne ba a raba su. Sai kuma 25, wadda ni a ganina ta fi nauyi, miji ya ƙaunaci matarsa yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da ransa dominta. To Almasihu bayarwa ya yi, tawul ya ɗaura ya wanke ƙafafun almajiransa a Yahaya 13, ban ga inda ya karɓe jakar kowa ba.

Batun ciniki kuwa ai Karin Magana 31 kamar a Kejetia aka rubuta ta. Matar nan ta duba gona ta saya, da ribarta ta dasa inabi, tana ɗinka tufafi tana sayar wa fatake, mijin kuma yabonta yake yi. Lidiya ta Ayyukan Manzanni 16 ma mai sayar da tufafin shunayya ce, abokiyar sana'arki kenan. Ko kalmar mataimaki ta Farawa 2:18, "ezer" a Ibrananci, da ita aka kira taimakon da ke zuwa daga Allah kansa a Zabura 121, don haka ba 'yar aike ake nufi ba.

Gaskiya ikkilisiyoyi sun sha bamban kan wannan shugabanci, wasu sun ce miji ke da magana ta ƙarshe in shawara ta cije, wasu sun ce daidai suke. Ni ina tare da na farkon, amma ko a wajenmu ba a fassara shi da ƙwace jarin mace.

Yanzu ke kuma. Farawa 2:24 ta ce kun zama jiki ɗaya, saboda haka kar ya zama ba ya sanin abin da ke shiga da fita. Namijin da ya saba fita da asuba ya dawo da kuɗin cefane, yau yana zaune a benci yana kallon mutane suna wucewa Asawase, wani lokaci kunya ce ke magana ba mulki ba. In yara sun yi barci ki ɗauko littafin lissafinki, ki nuna masa wannan jari ne ba a taɓa shi, wannan na haya, wannan na susu wato adashi, ku tambayi makanike nawa gyaran motar zai ci, ku sa ranar da za ku fara tarawa. Lambar kuma ki riƙe abinki.

In ya ƙi ji, ku je wurin fastonku ko dattawan da suka tsaya muku ranar aure. In abin ya kai ga duka ko ƙwace da ƙarfi, dokar Ghana ta 2007 kan cin zarafi a gida ta haɗa har da danne wa mutum dukiya, ofishin DOVVSU na 'yan sanda kuma don haka aka buɗe shi.