Hasken Safe ga Mai Makarar Barci

Ka ce barci ba ya ɗaukarka sai ƙarfe 3 na dare, kana tambaya ko haske zai gyara. E, yana gyarawa. Da ka farka, fita hasken rana minti 30, ko ka zauna kusa da fitila mai ƙarfin luks 10,000 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne), ba sai ka ƙura mata ido ba.

Sai dai lokacin shi ne sharaɗi. Ni da na riƙa tashi ƙarfe 5 ina kunna ta, barcina ƙara makara ya yi, domin hasken da ya riski jiki cikin darensa jinkirta agogon jiki mai tsara barci da farkawa yake yi. Fara daga lokacin da ka saba tashi, kana ƙara sammako da minti 15 kullum, da daddare ka rage fitilu da waya. In kana da ciwon ido, ga likita tukuna.