Nawa Ya Kamata In Biya Ma'aikatana? Amsoshi Kan Rahoton Binciken Albashi

Wasiƙun da suka taru a wannan karon yawancinsu a kan albashi suke, daga masu biya da kuma masu karɓa. Ga waɗanda na zaɓa, a taƙaice.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da kamfani mai ma'aikata kusan arba'in. Cikin 'yan watannin nan ƙwararru uku sun ajiye aiki, kowa ya ce an ba shi abin da ya fi namu. Wasu masu ba da shawara sun kawo mini tallan rahoton binciken albashi, kuma kuɗinsa da nauyi. In saya, ko abin da ke intanet kyauta ya ishe ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Rahoton zai iya yi maka amfani ƙwarai, amma kada ka sa hannu yau. Akwai aikin da ya rataya a wuyanka kafin nan, idan kuwa ba ka yi shi ba, ko wanda ya fi kowane tsada ka saya, asara za ka tafka.

Ga abin da ake sayar maka. Kamfanoni da yawa ne ke miƙa bayanan albashin ma'aikatansu ga wani mai bincike da ba ya cikinsu, irin su Mercer, WTW, Korn Ferry ko Aon. Shi kuma ya tace bayanan, ya cire sunaye, ya fitar da abin da ake biya a kan kowane irin aiki. Ƙarfin irin wannan rahoto shi ne alƙalumansa daga takardun biyan albashi suke fitowa. Shafuka irin su Glassdoor da Payscale kuwa, galibin abin da ke cikinsu ma'aikata ne suka shigar da hannunsu: wani ya haɗa da alawus, wani bai haɗa ba, wani albashinsa na shekarun baya ya rubuta, wani kuma ya ɗan ƙara gishiri. Za su ba ka haske, amma ba a kafa tsarin albashi a kansu. Akwai kuma na hukumomin ƙididdiga, kamar BLS a Amurka, da ONS a Birtaniya wadda ke gina bincikenta na shekara-shekara a kan samfurin kashi 1 cikin 100 na ayyukan masu albashi, sai kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO. Waɗannan kyauta ne kuma abin dogaro ne, sai dai suna tara ayyuka barkatai a rukuni ɗaya, kuma sukan makara kafin su fito.

Aikin da na ce yana wuyanka shi ne ka rubuta abin da kowane ma'aikaci yake yi a zahiri. A nan ne mafi yawan masu saye suke tuntuɓe, domin suna kwatanta sunan muƙami da sunan muƙami. Ɗauki "manajan ayyuka". A wurinka wataƙila mutum ne mai kula da ma'aikata shida, shi ke buɗe sito da safe, shi ke bin direbobi a waya, kuma ba ya sa hannu a kan babban kashe kuɗi sai ya zo wurinka. A wani kamfani, mai wannan sunan yana da mutum ɗari uku a ƙarƙashinsa, da kasafin kuɗin da shi ke amsa tambaya a kansa gaban hukumar gudanarwa. Idan ka ɗauko albashin na biyun ka ɗora wa na farko, ka jefa kanka cikin ɗawainiyar da ba za ka iya ba. Idan kuma akasin haka ne, wato mutuminka yana ɗauke da aikin manya amma kana kiransa "jami'i", to rahoton zai ce maka kana biya daidai alhali tauye shi kake yi. Shi ya sa tsarin auna aiki na Hay, wanda yanzu yake hannun Korn Ferry tun da ta sayi Hay Group a 2015, yake duba abu uku: sanin da aikin ke buƙata, irin matsalolin da mai aikin ke warwarewa, da nauyin abin da za a tuhume shi a kai. Masu wannan sana'a sukan ce in bayanin aikinka bai yi daidai da na rahoton da kamar kashi 70 zuwa 80 cikin 100 ba, to ba aiki ɗaya ba ne, kada ka haɗa su.

Da ka gama wannan, sai ka kira mai tallan ka nemi jerin kamfanonin da suka ba da bayanai. Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a ganina. Ina mutanenka uku suka koma? Idan irin waɗannan wuraren ba sa cikin jerin, rahoton yana ba da labarin wata kasuwa ce daban. Ka tambayi ranar da aka tattara bayanan, da yawan kamfanoni da yawan ma'aikatan da ke bayan kowane adadi, da ko an haɗa da alawus da fansho. Ka nemi samfurin shafi biyu ko uku ka gwada da ayyukanka. Ka kuma tambayi rangwamen da ake yi wa wanda ya ba da nasa bayanan, domin yawanci akwai shi. In ka ga rabin ayyukanka ma ba su da takwara a ciki, haƙura da shi, ka sayi bayanan 'yan muƙaman da suka fi damunka kaɗai.

Wani abu kuma da bai kamata in wuce ba: "an ƙara mini kuɗi" shi ne dalilin da ya fi sauƙin faɗa wa mai gida ido da ido. Ka sa wanda suka saki jiki da shi ya ji ta bakinsu. Wani lokaci shugaban sashe ne ya ishe su, ko sun daɗe ba su ga alamar ƙarin girma ba, kuma babu rahoton da zai nuna maka wannan.

Tambaya: Malam, ni ce mai kula da harkokin ma'aikata a wurinmu. Mun sayi rahoton, na ga P25, P50 da P75 gaban kowane aiki, ga kuma matsakaici. Shugabanmu yana son adadi ɗaya. Wanne zan kai masa? Kuma bayanan sun kai wata tara da tattarawa.

Amsa: Hajiya, ki kai masa P50 a matsayin mafari, ki bar matsakaicin nan a gefe. Ga dalili. A ce ma'aikata biyar suna karɓar 100, 110, 120, 130 da 400. In aka tara aka raba biyar, za a sami 172, adadin da huɗu daga cikinsu ba su ko kusance shi ba, saboda mutum ɗaya ya ja lissafin sama. In kuwa aka jera su aka ɗauki na tsakiya, 120 ne, kuma shi ne P50: rabi suna ƙasa da shi, rabi suna sama. P25 na nufin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke karɓar ƙasa da wannan adadi, P75 kuma kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka wuce shi.

Amma ki gaya wa shugaban cewa zaɓen inda za a tsaya shawararsa ce, rahoto ba ya yanke ta. Kamfani na iya cewa yawancin ayyuka za mu biya a tsakiya, amma ayyuka biyu ko uku da in mai su ya tafi komai zai tsaya, za mu matsa zuwa P75. Wannan ya fi hankali a kan ɗaga kowa zuwa sama, wanda kasafin kuɗi ba zai jure ba. Wanda kuma ya zaɓi zama a P25, ya san cewa zai riƙa horar da mutane wasu suna kwashewa.

Batun tsufan bayanai, ana gyara shi da ɗan lissafi. A ce hasashen ƙarin albashi a fanninku kashi 8 cikin 100 ne a shekara. Wata tara kashi uku cikin huɗu ne na shekara, don haka za ki ƙara kashi 6. Adadin da rahoto ya ce 200 ya koma 212. A inda tsadar rayuwa ke gudu da sauri, wannan gyara ba abin wasa ba ne. Daga nan ki mai da adadin tsakiyar matakin albashi, ki ba shi faɗi. Da yawa suna amfani da kashi 80 zuwa 120 cikin 100 na tsakiyar: sabon shiga a ƙasa, wanda ya goge a tsakiya, gwani a sama.

Tambaya: Malam, me zai sa in kashe kuɗi? Masu kamfanonin da muke gogayya da su abokaina ne. In na ɗaga waya za su gaya mini abin da suke biya.

Amsa: Yallaɓai, kada ka yi. Daga "nawa kake biya" zuwa "mu tsaya a nan kada su raina mu" taku ɗaya ne, kuma a ƙasashe da yawa dokar gasa tana ɗaukar haɗa baki a kan albashi tamkar haɗa baki a kan farashi. A 2010 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta kai ƙarar Apple, Google, Intel, Adobe, Intuit da Pixar saboda yarjejeniyar kada wani ya nemi ma'aikatan wani, kuma a 2015 huɗu daga cikinsu suka biya dala miliyan 415 don sasanta ƙarar da ma'aikatan suka shigar. A wata jagora ta 1996 da ta shafi fannin lafiya, hukumomin ƙasar sun zayyana yadda musayar bayanan albashi za ta kasance ba tare da zargi ba: wani na daban ne zai tattara, bayanan su wuce wata uku da tsufa, aƙalla kamfanoni biyar su ba da nasu, kada na ɗaya ya wuce kashi 25 cikin 100 na lissafin. An janye wannan jagora a 2023, abin da ya ƙara sa masu kamfanoni taka-tsantsan. Ka duba dokar ƙasarka, amma ko babu doka, haƙƙin ma'aikaci ne a bar shi ya sayar da ƙwarewarsa ga wanda ya fi biya. In ƙungiyar masu sana'arku na son bincike, ku ɗauki wanda ba ya cikinku ya yi muku.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaci ne. Na ga a intanet ana biyan masu irin aikina fiye da ni. In kai wa shugabana?

Amsa: Ɗan'uwa, ka kai, amma ka fara yin lissafinka gaba ɗaya. Wanda ake ba 100 ba tare da komai ba, da wanda ake ba 90 ana zuba masa 10 a fansho da 8 a inshorar lafiya, na biyun ne a gaba. Alƙaluman BLS sun nuna cewa a kamfanoni masu zaman kansu na Amurka, kusan kashi 30 cikin 100 na abin da ake kashewa kan ma'aikaci ba albashin da ke shiga hannunsa kai tsaye ba ne: inshora ne, da fansho, da hutun da ake biya da makamantansu. Ka haɗa naka duka. Sannan ka tabbata aikin da ka gani irin naka ne a nauyi da shekarun ƙwarewa da girman kamfani. Idan ka shiga ofishinsa, ka fara da abin da ka ƙara ɗauka tun ƙarin da aka yi maka na ƙarshe, sai ka kawo alƙaluman daga wuri biyu ko uku, ka tambaye shi a wane mataki kake da abin da ake buƙata ka hau na gaba. Kada ka yi barazanar tafiya sai in da gaske a shirye kake.

Tambaya: Malam, mun yi kwatancen, sai muka tarar tsofaffin ma'aikatanmu suna ƙasa da kasuwa, har sababbin da muka ɗauka sun fi su albashi. Kuɗin gyara duka a lokaci ɗaya babu. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wannan ce tambayar da ta fi taɓa ni, Malama, domin waɗanda suka yi haƙuri suka zauna su ne suka kwana a ciki. Abin yana faruwa ne saboda sabon ma'aikaci ana ɗaukarsa da farashin yau, tsoho kuwa ɗan ƙarin shekara-shekara kawai yake gani. Kada ku yi tsammanin ba su sani ba. Sun sani.

Ki raba albashin kowa da tsakiyar matakinsa. Mai karɓar 180 a matakin da tsakiyarsa 200 ce yana kan 0.90. Ki jera kowa da kowa ta wannan ma'auni. Duk wanda ya faɗo ƙasa da 0.80 a fara da shi, sai waɗanda suka daɗe kuma aikinsu na da kyau amma ba su kai tsakiya ba. Ki duba jerin da idon basira: idan mata ne suka taru a ƙasa alhali aiki ɗaya ake yi, wannan matsala ce da ke gaban ta kasuwa. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 kan bayyana albashi ta ɗauki giɓin kashi 5 cikin 100 tsakanin maza da mata, wanda aka kasa ba da hujjarsa, a matsayin abin da ke wajabta bincike tare da wakilan ma'aikata. Ko ba ta shafe ku ba, ma'auni ne mai kyau.

Waɗanda kuka tarar sun wuce kasuwa, kada a rage musu. A sassauta ƙarinsu har matakin ya cim musu, ko a ba su ladan ƙwazo na lokaci ɗaya maimakon ƙarin dindindin. Sauran kuma a raba gyaran zango biyu ko uku, a kira kowa shi kaɗai a gaya masa inda yake, da inda za a kai shi, da watan da zai ga kowane ƙari. A rubuta a takarda, shugaba ya sa hannu, kuma a ware kuɗin zangon farko a kasafin bana kafin a buɗe baki a yi wa kowa alkawari.