Wanene Guru Tegh Bahadur da 'Yan Sikh Ke Tunawa da Shi a Nuwamba?

Malam, ka tambaya dalilin da ya sa mabiya addinin Sikh ke taruwa ranar 24 ga Nuwamba kowace shekara. Ranar tunawa ce da kisan Guru Tegh Bahadur, jagoransu na tara, wanda aka fille wa kai a birnin Delhi a shekarar 1675, zamanin mulkin Sarki Aurangzeb na daular Mughal.

Bisa riwayar 'yan Sikh, wasu malaman Hindu daga Kashmir ne suka kai masa kuka cewa ana matsa musu su bar addininsu, shi kuwa ya tsaya musu har aka kama shi, aka kashe abokan tafiyarsa uku a gabansa, amma bai sauya matsayinsa ba. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne mutanen da ya mutu dominsu ba mabiya addininsa ba ne.

A inda aka kashe shi, cikin unguwar Chandni Chowk, aka gina wurin ibada mai suna Sis Ganj Sahib. A ranar ana rera waƙoƙin ibada da ya tsara, waɗanda ke cikin littafinsu mai tsarki, ana kuma ciyar da duk wanda ya zo kyauta, ba tare da tambayar addininsa ba.