Gidan kakanninmu na ƙasa: mu rushe ko mu gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna da gidan gado a cikin birnin Kano, ginin ƙasa ne tun na kakan babanmu, akwai zaure mai daurin guga da zankwaye a sama. Yayyena sun ce a rushe a yi ginin bulo da shaguna a gaba tunda kusan duk damina sai wani wuri ya zube. Ni dai raina bai so, amma ban san me zan ce musu ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan magabata. Yayyenka ba su yi ƙarya ba, gidan da ke zubewa duk shekara abin tsoro ne, musamman in akwai yara da tsofaffi a ciki. Amma kafin a kira masu diga ku fara gano me ke kayar da shi, don ginin ƙasa ba tsufa ke cin sa ba, ruwa ne da rashin mai kula. Masallacin Juma'a na Zariya da shahararren magini Babban Gwani ya gina wajen shekarun 1830 har yau bakan gizonsa na ciki, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufi, suna tsaye, hasumiyar masallacin Agadas kuma mai tsawon mita 27 ƙasa ce zalla, kuma tun 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Ba wani siddabaru suke yi ba, kulawa ce akai akai.

Ka hau saman soron da rani ka duba indararo, sau da yawa za ka tarar ya toshe da ganye ko ya karye ruwa na bin bango yana sauka maimakon ya zuba can nesa. Ka ɗauki ƙusa ka caki azara inda ta shiga bango, in ta nutse kamar a gurasa to gara ta gama da ita sai a canza, in kuwa ta ƙi shiga ka bar ta, azarar giginya mai kyau tana kai jikoki. Sai gindin bango, nan ne babbar matsalar cikin gari yanzu, maƙwabta sun yi bulo sun ɗaga daɓensu, an cike kududdufai an yi gini a kai, lungu ya fi tsakar gida tudu, ruwan da a da yake da wurin zuwa yanzu gindin katangarku yake kwana.

Abin da nake roƙon mutane kullum kuma ba sa ji shi ne kar a shafe bangon ƙasa da siminti. Wallahi da yawan gidajen da suka faɗi gyaran ne ya kayar da su. Siminti ba ya numfashi, in ya tsage ruwa ya shiga ba ya iya fita, tubalin ciki ya jiƙe yana ruɓewa kai kana ganin waje tas, rana ɗaya sai ka ji rugum. Magabata makuba suke sawa ta bawon ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina, suna tare ruwan sama amma suna barin danshi ya fita. Masu wannan aiki sun yi ƙaranci kuma ba arha, gaskiya ne, amma akwai su, ka tambayi dattawan unguwa ko zuri'ar sarkin magina.

Maganar amfani kuwa, ka ce musu su shiga zauren da azahar a watan Afrilu ba wuta sannan su shiga ɗakin bulo mai rufin kwano su ji wanne ya fi sanyi. Wannan kaɗai kuɗi ne. Bayan haka zauren nan a nan aka ɗaura auren iyayenku, a nan aka yi zaman makoki da karatun allo, shi ya sa unguwa take kiran gidan da sunan kakanku. Dubi ganuwar Kano da Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12, kowa ya ɗan yaga ya yi gini, yanzu sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga alamarta ba. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa sun tsira don an mai da su gidajen tarihi, naku kuwa in ba a ayyana shi cikin kayan tarihi ba, ba hukumar da za ta zo ta hana ku ko ta biya muku, ku ne kawai.

Shawarata kar ka ja da su a kan duka gidan, za ka sha kaye. Ku bar zaure da fuskar gidan, ɗakunan baya da suka riga suka mutu a yi na zamani da banɗaki, a nisanta famfo da sokawe daga tsohon bango. Ku zauna da duk magada har mata a rubuta nawa kowa zai ba da na yaɓe kafin kowace damina, don gidan gado yawanci abin da ke kashe shi kowa na jiran wani. Kuma tun kafin a taɓa komai ka ɗauki hoton kowane lungu da waya, ka ɗauki muryar tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan ta faɗa maka wa ya gina, da sarkin da ke kan mulki a lokacin.